Taifod Ɗin da Ba Ya Jin Allura: Yadda Zaman Korona Ya Fito a Jikin Ɗalibanmu

A watan Yunin 2020 ƙanena ya sha maganin taifod karo na uku cikin wata biyu. Yana aji uku a jami'a a lokacin, an sallamo su tun watan Maris, yana zaune a ɗakin zaure a gidanmu da ke Birnin Kebbi. Kukansa ɗaya ne tun farko: tsakiyar kansa tana ɗaukar zafi kamar an ɗora masa garwashi, wuyansa ya sage, da dare ƙirjinsa ya riƙa bugawa har yana jin sa a kunne, ga kasala kamar wanda aka yi wa duka. Duk zuwa ɗakin gwaji a ɗebi jini, takarda ta fito da maleriya da taifod, a biya kemis a sayo allura da ƙwayoyi, wani lokacin har a ɗaura masa ruwa leda biyu. Ya ɗan warware kwana uku, mako ya zagayo a koma gidan jiya.

Inna ta yanke nata hukuncin tun a karo na biyu. "Wanga ciwo ba na asibiti ba ne," in ji ta, ta aika aka karɓo rubutu da hayaƙi. Baba kuwa cewa ya yi zaman banza ke cin sa, da yana bin su fadama rana ta gasa shi da bai san wani ciwon kai ba. Ni ma a lokacin bayan Baba nake. Sai ranar da wata ƙawar Inna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta shigo gaisuwa. Aka miƙa mata tarin takardun gwajin, ta duba ta ajiye gefe, ta ce, "Ɗana, yaushe rabonka da barcin kirki? In ka kwanta, me kake lissafawa?" Yaron da ya yi wata uku ba ya haɗa magana biyu da kowa sai ga shi yana zuba. Ashe shekarunsa yake lissafawa. Yana da 27, domin ya daɗe yana zana jarrabawar shiga jami'a kafin ya samu gurbi. Kwas ɗinsa na shekara biyar ne, wanda kuma ya haura 30 kafin ya kammala ba a tura shi bautar ƙasa. Kowane dare sai ya sake buga lissafin, kowane dare kuma sai ya ga wurin ya ƙara matsewa.

Abin da ya same shi ya sami ɗalibai masu yawa, kuma akasarinsu an yi ta yi musu maganin abin da ba shi ke damunsu ba har aka koma makaranta. Kafin a zo kan jiki, sai an tuna irin shekarar da aka yi.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Mu nan ko a jikinmu. Mako biyu bayan haka Argungu ta cika ta batse da bikin kamun kifi, wanda aka farfaɗo da shi bayan kusan shekara 10 ba a yi ba, har Shugaba Buhari ya zo. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuwa tun 9 ga Maris ta shiga yajin aikin gargaɗi, kan rikicin tsarin albashi na IPPIS da yarjejeniyar 2009 da ta ce gwamnati ta ƙi cikawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: aka ba da umarnin rufe makarantu saboda annoba, ranar 23 ga Maris kuma yajin aikin ya koma na sai-baba-ta-gani. Ba a janye shi ba sai 23 ga Disamba, hukumar jami'o'i kuma ta sa 18 ga Janairun 2021 a matsayin ranar komawa. Ɗaliban da suka baro jami'o'in Kalgo da Aliero da Gusau da Sakkwato da Zariya da 'yar jaka ɗaya, suna zaton hutun wata guda ne, da yawansu wata goma suka share a gida.

Tsawon zaman ma bai kai rashin sanin ranar ƙarewarsa ciwo ba. Da tun farko an ce ku tafi sai baɗi, da wani ya shiga koyon ɗinki, wani ya kama hadda, wani ya ɗauki gona da niyyar ganin girbi. To amma kowane mako sai rediyo ta ce an zauna a Abuja, an tashi baram-baram, za a sake zama ranar kaza. Wanda yake zaton jibi za a kira shi ba ya iya kafa komai. Haka aka yi ta jiran gawon shanu, jaka a ɗaure, littafi a rufe. Takwarorinsu na wasu jami'o'in kuɗi suna ta karatu ta intanet suna wuce su. A jami'ar gwamnati wa zai koyar, malamin yana yajin aiki? Ko da ma ya yarda, ɗalibin da ke ƙauyen Dandi ko Sakaba da wace wuta zai yi cajin waya, da wane kuɗi zai sayi data?

Cutar kanta ba ta yi mana ɓarna irin ta Legas ko Kano ba. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohin da gwaji ya nuna ƙarancin masu ita, har mutane suka riƙa cewa ciwon manya ne masu hawa jirgi. Amma wahalarta ta iso ko'ina. An hana tafiya tsakanin jihohi, kaya suka yi tsada, ciniki ya tsaya. Da damina ta yi nisa kuma ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan ta Kebbi, wato aljihun da ake biyan kuɗin makaranta daga cikinsa. Ɗalibin jami'a a gidan talaka ba shi kaɗai yake karatu ba, gidan ne gaba ɗaya ya zuba jari a kansa. Yana ganin mahaifinsa ya dawo daga fadama shiru, ya san abin da shirun yake nufi. A makaranta shi wani ne, yana da ra'ayi, yana da abokan muhawara. A gida ya koma yaron aike, kuma duk wanda ya gamu da shi a ƙofar masallaci tambaya ɗaya ce: "Har yanzu ba ku koma ba?" A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa. Namu matasan sun ɗauki wannan kaya da ƙarin yajin aiki a kai.

To me ya haɗa lissafin shekaru da zafin tsakiyar kai?

Bahaushe ya san amsar tun kafin likita ya zo, in dai za a saurari yadda yake magana. Ba ma cewa mun ji tsoro kawai. Cewa muke gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, cikina ya ɗuri ruwa. Mummunan labari yakan sa jiki ya yi sanyi ko ya mutu murus. Baƙin ciki yana tokare ƙirji, tunani yana sa kai ya yi nauyi. Duk wani abin da ke cikin rai, a wata gaɓa muke nuna shi. Abin mamaki shi ne, da wannan magana ta zama gaskiya a jikin ɗanmu, sai mu manta da ita mu tafi neman sauro.

Ga yadda abin yake aiki. Idan mutum ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, su sako sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira adirenalin da kotizol. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, tsokoki su ɗaure, aikin narkar da abinci ya ja baya, jini ya karkata zuwa hannuwa da ƙafafu. Tanadi ne na Ubangiji domin wanda kare ya biyo ko ya taka maciji, kuma na 'yan mintuna ne. Da haɗarin ya wuce komai ya koma mazauninsa. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance kare da tunani. Wanda ya kwanta yana ƙirga watannin da suka rage masa ya cika 30, jikinsa shirin gudu yake yi, ga shi babu inda za a gudu, kuma gobe ma haka. In aka yi watanni a haka, tsokokin wuya da na kai da suka ƙi saki su ne ke kawo ciwon kan nan mai kama da an ɗaure rawani tamau. Hanjin da aka yi ta dagula wa aiki ya fara kumburi da zafi, yau gudawa gobe cushewa. Barci ya tsinke. Ga mata har al'ada takan rikice. Ciwon gaske ne, ba raki ba ne, ba kuma ƙarya ba ce. Wanda kansa ke ciwo don damuwa, zafin da yake ji bai gaza na mai maleriya ba.

Korona ta ƙara wani tarko nata na daban. Kullum ana sanarwa cewa babbar alamarta sarƙewar numfashi ce. Sai mai fargaba ya ji ƙirjinsa ya ɗan matse, ya tsorata, ya shiga jan numfashi da sauri. Saurin numfashin yakan fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, wannan kuma shi ke kawo jiri da jin kamar kiyashi na tafiya a yatsu da leɓɓa. Da ya ji haka sai ya tabbatar ajali ne ya zo, tsoron ya ninka. Irin wannan farmaki yakan kai ƙololuwa cikin mintuna kamar 10 sannan ya lafa, ya bar mutum jiƙe da gumi. A shekarar kuwa ba kowa ke iya faɗa ba, don gudun kada a kira motar da za ta kai shi wurin killacewa, unguwa ta ɗauka.

Ga kuma barci, wanda a ganina shi ne ƙofar da yawancin abin ya shigo ta cikinta. An sallami ɗalibai daidai shigowar bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura 40 a ma'auni, wuta kuma sai an ga dama. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Aka saba da raya dare, waya a hannu saboda datar dare ta fi araha, a kwanta bayan asuba a tashi da azahar. Azumi ya wuce, masu kasuwa da masu gona suka koma tsarinsu, ɗalibi kuwa ba shi da lakcar ƙarfe takwas da za ta tashe shi. Rashin barcin dare yana ƙara jin zafin ciwo, yana gajarta haƙuri, yana kuma buɗe wa tunani fili a daidai lokacin da babu wanda za a yi wa magana.

Wannan ba sabon abu ba ne a wajen ɗaliban ƙasar nan. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya yi ta gani a wajen ɗaliban Najeriya, wanda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa: zafi ko jin motsi a cikin kai, ciwon wuya, idanu su riƙa yaji ko gani ya dushe in an buɗe littafi, a karanta shafi a kasa riƙe komai. Shekara 60 cif kafin korona, amma kai ka ce ƙanena aka zauna aka kwatanta.

Me ya sa takarda take ta cewa taifod? Gwajin da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi, wanda ake kira Widal, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sawun da garkuwar jiki ta bari yake dubawa, kuma a wurin da kusan kowa ya taɓa cin karo da ƙwayar ko danginta, yakan nuna akwai ko da babu. Maleriya ma haka: Kebbi tana sahun gaba a yawanta a ƙasar nan, kuma babban mutum yana iya yawo da ƙwayarta a jini ba tare da ita ce ta kwantar da shi ba. Don haka takarda ba ta rasa abin faɗa. Shi kuma ƙarin ruwan da ake ganin ya yi aiki, a duba abin da ke tattare da shi: an kwantar da yaro, Inna tana gefensa da fura, Baba ya daina faɗa, 'yan uwa suna ta sannu. Kwana uku na kulawa kenan, dole ya ji sauƙi. Kada dai a fahimce ni a karkace. Taifod tana nan, maleriya tana kisa, kuma zazzaɓin da ma'auni ya tabbatar, ko rama, ko tari mai jini, ko amai da ba ya tsayawa, aikin likita ne ba na hira ba. Amma a duk zagayen nan uku, ba wanda ya taɓa sa wa yaron nan ma'aunin zafi a hammata.

Daga nan kuma maganin kansa yakan zama ciwo. Ƙwayoyin kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, in ana watsa su a cikin da ba abinci, suna cin bangon tumbi, sai ulsar da ake zato ta zama ta gaske. Mai shan maganin ciwon kai kusan kullum kuma yakan wayi gari maganin ne ke dawo masa da ciwon. Wanda ya gaji da rashin barci, wani aboki zai nuna masa ƙwayar barci ko tiramadol, ko ruwan kodin da aka haramta tun 2018 amma bai ɓace ba. Wasu daga wannan zama suka kama abin da har yau ba su saki ba.

Akwai dalilin da ya sa ɗalibi zai gwammace ya ce kaina ke ciwo. Ciwon kai ba abin kunya ba ne. Amma ya ce raina ne ba daɗi, ba na jin sha'awar komai, amsar da zai samu ya san ta: kana ci kana sha, me aka yi maka? An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji kuma ba ya kuka. Kalmomin da muke da su na wannan fanni, hauka da taɓin hankali, masu nauyi ne, suna iya ɓata auren ƙannen mutum mata. Sunan Kware ma, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake a jihar Sakkwato, ya zama abin tsokana a bakin yara. Tsakanin lafiya lau da Kware ba mu bar wani masauki ba, alhali yawancin masu wahalar a tsakanin suke.

Mafi ciwo shi ne a ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ne ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce ya rasa tawakkali. Ba ni da ja da addu'a ko ruƙiyya, sau da yawa ma malamin shi ne mutum na farko da yake zama ya saurari yaron. Inda nake da ja shi ne a ce tunda an je wajen malam an rufe ƙofar asibiti, ko a kama yarinyar da fargaba ta sa ta sheme a yi ta dukanta da sunan fitar da aljani.

Tunda na ambaci yarinya: nasu zaman ya sha bamban. Namiji yana iya fita majalisa ya sha iska. Ita kuwa daga dawowarta girki da wanki da reno suka koma wuyanta, ga 'yan uwan da dama can ba su so tafiyarta jami'a ba sun samu bakin magana. Karatun da ba a san ranar gama shi ba, ai gara ta yi aure. Wasu sun yi da son ransu, wasu an yi musu, wasu sun koma aji da ciki ko goyo, wasu kujerarsu ce kawai ta koma.

Komawar ma ba ta zama sauƙi ba. Wasu jami'o'in suka soke shekarar karatu guda, wasu suka matse zango cikin 'yan makonni don a cike giɓi. Kan da ya yi wata goma bai riƙe biro ba aka ce ya haɗiye kwas tara, sai aka koma ga Nescafé da goro da kwana a aji. Ga hanya ta lalace: an sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, an shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, a watan Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, ɗalibi ya kasa jin ko mutanen gidansu suna raye. Jikin da ya koyi zama cikin shirin gudu bai samu dalilin saki ba.

Masu duba irin wannan ciwo kuma ba su da yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane. Dokar da ƙasar ke aiki da ita a wannan fanni ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, har sai Janairun 2023 da aka sa hannu a kan sabuwa. Saboda haka abin da zai yi aiki a nan shi ne wanda ke hannun ma'aikacin jinya na asibitin makaranta, da yaya, da aboki: a yi gwajin da ya kamata, sannan a yi tambayar da tsohuwar nan ta yi. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi ba mai wuya ba ne. In ƙunci ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu, barci da cin abinci suka canza, ya kasa abin da ya saba yi, to ya wuce a yi haƙuri, ciwo ne mai magani, ko ta zaman tattaunawa da masani ko ta ƙwayoyin da sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Wanda kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, ba a barin sa shi kaɗai, kuma a ranar ake kai shi asibiti.

Ƙawar Inna ba ta rubuta wa ƙanena ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce a kwashe na kemis, ya riƙa ajiye waya a ɗakin Inna bayan isha'i, ya tashi da asuba kada ya koma, ya bi Baba fadama ko da na awa biyu ne, ya kuma riƙa zuwa gidanta duk Juma'a da yamma su yi hira. Baba ya yi ta murmushi, wai ai shi ya fara faɗa. Na bar shi da rabin gaskiyarsa. Kafin wata guda zafin kan ya ja baya, bugun ƙirjin ya zama na jefi-jefi.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta sake tafiya, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. A daren farko ya kira ni ya ce, "Yaya, garwashin nan ya dawo." Wannan karon bai je gwaji ba, shinkafar rani ya shiga. Ya kammala a 2024 yana da shekara 31. Takardar yafe masa bautar ƙasa tana cikin akwatin Inna, a ƙarƙashin turamen zannuwanta, tare da takardun gwajin nan uku da ta ƙi yarda a zubar.